Yadda ake kwantar da rawar gejin mai a sabuwar ƙwaƙwalwar injin mota

Ka cika tanki da safe, ka hau titi, allo ya nuna maka kashi 95. Ka taka birki a danja, ya faɗo 70. Ka sha kwana ya haura 100, kafin ka miƙe hanya ya dawo 80. Duk wanda ya cire ƙwaƙwalwar injin da motarsa ta zo da ita, wadda makanikai ke kira birenbos, ya sa irin wadda ake saitawa da kwamfuta, ya san wannan rawar. Ko Haltech ce, ko Link, ko MaxxECU, ko ECUMaster, ko MegaSquirt da Speeduino, in dai ka haɗa mata wayar fulot, wato ƙwallon da ke yawo a kan mai a cikin tanki yana auna yawansa, kai tsaye ba tare da wani saiti ba, haka za ta yi maka.

Mai dama can bai taɓa zama wuri ɗaya a tanki ba. Gejin kamfani ne yake kwantar da abin kafin ya iso idonka. Tsofaffin geji suna da wani siririn ƙarfe da sai ya ɗumama yake lanƙwasa, don haka allurarsu ba ta sauri. Wasu kuma allurar tana juyawa ne a cikin ruwa mai kauri. Na zamani lissafi ne a cikin dashbod. Ita kuwa sabuwar ƙwaƙwalwa abin da waya ta kawo mata shi take faɗa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, tacewa, wato sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jinkirta karatun don lamba ta daina tsalle, aikin ƙarshe ce. Na ga mutane da yawa suna buɗe manhaja, su murɗa tacewa har ƙarshe, lamba ta tsaya cak, su rufe kwamfuta suna murna. Lambar ta daina rawa, amma ƙaryar tana nan, an dai lulluɓe ta ne. Ranar da za ta bayyana, ranar ce mota za ta mutu a tsakiyar hanya da dare allo yana nuna kwata. In kuma injin mai tabo (turbo) ne, famfo ya zuƙi iska kana kan totur, asarar ta wuce tafiyar ƙasa da jarka.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, kwamfuta mai manhajar ƙwaƙwalwar, jarka da ka tabbatar da litocinta, 'yan rizisto (ƙananan kayan lantarki masu rage gudun wuta, da ohm ake auna su), da waya mai kyau. In za ka samu tsohuwar mita mai allura, ɗauko ta, akwai inda ta fi ta zamani amfani.

Mataki na 1: gano inda rawar take fitowa

Kashe duk wata tacewa da ke kan layin fulot. Sa manhaja ta riƙa naɗar ɗanyen karatun a volt, ba a kashi cikin ɗari ba. Ajiye mota a wuri mai daidai, sannan ka yi gwaji huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, ka zuba wa lambar ido. A daƙiƙun farko famfon mai zai yi ƙara ya tsaya. Lura ko lambar ta motsa lokacin da ya kama da lokacin da ya saki. Sai ka tayar da injin, ka bar shi a silo, ka kunna fitilu, da fankar lagireto, da na'urar sanyaya mota, kowanne shi kaɗai. Sai ka kashe su, ka sa wani ya danna bayan motar ya jijjiga ta. Daga ƙarshe ka fita ka zaga na minti goma, da birki da kwana da ɗan hawa.

Yanzu duba zanen karatun da manhaja ta naɗa. In lamba tana tsalle mota na tsaye cak, musamman daidai lokacin da famfo ko fanka ya kama, matsalar wuta ce, ba ta mai ba. In zanen yana tafiya lafiya sai kwatsam ya yi tsini sama ko ƙasa ya dawo, kamar an caka allura, fulot ɗin ne ya ci. In kuwa yana lilo a hankali kamar ruwa a bokiti, yana bin birki da kwana, to wannan ne tangal-tangal ɗin mai na gaskiya, kuma shi kaɗai ne tacewa take magani.

Mataki na 2: fulot

Kafin ka buɗe tanki cire kan batir na negatif. Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Ba sigari, ba ƙarfen dalma, ba janareta a kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi rami, kuma tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari.

Fito da fulot ɗin, ka sa mita a kan ohm, ka ɗaga hannunsa a hankali daga ƙasa har sama. Rubuta karatun ƙasa da na sama. Kowane kamfani da nasa: tsofaffin motocin GM suna tafiya daga 0 a wofi zuwa 90 a cike, tsofaffin Ford daga 73 zuwa 10, na VDO daga 10 zuwa 180, wanda aka fi sayarwa na kowa da kowa daga 240 zuwa 33, Toyota da yawa na da kuma wajen 110 zuwa 3. Ka ga wasu lambar tana ƙaruwa in mai ya ƙaru, wasu raguwa take. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali, naka za ka auna.

A nan mita mai allura take aikinta. Na taɓa tsugunawa a bayan wata tsohuwar fikof da aka sauya wa injin, fulot a hannuna, ina ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Allura tana tafiya sumul, sai da aka zo wajen kashi ɗaya cikin uku ta fizge zuwa ƙarshe ta dawo. Da na haska allon rizistan da ke jikin fulot ɗin sai ga layukan wurin sun goge sun yi fari, ɗan harshen da ke gogarsu ya ci su. Mai motar kullum da ɗan mai kaɗan yake yawo, a daidai wurin harshen ya shekara yana kai da komo. Mita mai lamba takan tsallake irin wannan yankewar saboda ba ta da saurin nuna ta. In ka ga haka, sayi sabon fulot. Gogewa da lanƙwasa harshe na iya kai ka ɗan lokaci ne kawai.

Duba kuma ko ƙwallon ya sha mai ya yi nauyi, ko hannun yana gogar bangon tanki ko tiyo. Motocin da tankinsu ya rabu biyu a kan shaf, irin Subaru Impreza mai jan ƙafa huɗu da wasu BMW, fulot biyu gare su. A wasu an jera su a layi ɗaya, a wasu kowanne da wayarsa. In ɗaya kaɗai ka haɗa, karatun zai riƙa yawo duk lokacin da mai ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Mataki na 3: wayar negatif

Nan ne mafi yawan ciwon yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A motoci da yawa fulot da famfon mai negatif ɗinsu ɗaya ne, ko kuma a ƙusa ɗaya aka ɗaure su a jikin bodi. Famfo yana jan wuta sosai. Mu ce yana jan amfiya 8, ƙusar kuma ta ɗan yi tsatsa har ta kai ohm 0.02 kacal, abin da mita ta gida ba za ta ma iya aunawa ba. Ninka su ka samu volt 0.16. Kamar ba komai ba. Amma za ka gani a mataki na gaba cewa sau da yawa duk tazarar da ke tsakanin wofi da cike ba ta kai rabin volt ba. Ke nan famfo kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gejinka. A irin fulot ɗin Toyota, inda volt mai yawa ke nufin mai ya ragu, da zarar famfo ya kama sai ka ga tanki ya zube a allo, ya tsaya ya dawo.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa mita a kan milivolt, ƙafa ɗaya a negatif ɗin fulot, ɗaya a negatif ɗin sensa na ƙwaƙwalwa, famfo yana aiki. Abin da ya wuce 'yan milivolt kaɗan matsala ce.

In fulot ɗinka yana da ƙafar negatif tasa daban a soket, wadda ba ta taɓa jikin ƙarfe, ja mata sabuwar waya har zuwa negatif ɗin sensa na ƙwaƙwalwa, ka murɗe ta tare da wayar sigina, ka nisanta su daga wayar famfo da ta koyil. In kuwa negatif ɗin a haɗe yake da na famfo ko da murfin tanki, kada ka kuskura ka kai shi negatif ɗin sensa. Wutar famfo za ta nemi hanya ta cikin ƙwaƙwalwar, ta ɓata karatun sauran sensa, ranar da babbar wayar ta saki kuma ta ƙona layin ciki. Abin yi a nan shi ne ka ba famfo tasa wayar mai kauri zuwa bodi a wurin da ka kankare fenti da tsatsa, ka tabbatar wayoyin batir zuwa bodi da zuwa injin suna da lafiya.

Mataki na 4: rizistan da ke ciyar da layin

Ƙwaƙwalwa ba ta karanta ohm, volt take karantawa, daga 0 zuwa 5. Don haka ake sa rizisto tsakanin volt 5 da wayar fulot, wanda littattafansu ke kira pull-up, shi da fulot su raba wutar. Wanda ke cikin ƙwaƙwalwa an yi shi ne don sensar zafi mai dubban ohm; a da yawa ohm 1,000 ne, a MegaSquirt da Speeduino kuma 2,490. Ga fulot mai ohm ɗari, ya yi girma ƙwarai.

Lissafin shi ne: 5 sau ohm ɗin fulot, a raba da jimlar ohm ɗin fulot da na rizisto. Ɗauki fulot mai 110 zuwa 3 da rizisto 1,000. A wofi za ka samu wajen volt 0.50, a cike 0.015. Duk tankin yana cikin ƙasa da rabin volt. Speeduino da ke kan Arduino Mega yana raba volt 5 gida 1,024 ne, kowane gida wajen milivolt 5, ke nan tankinka bai kai gida ɗari ba. Ƙarar wuta ta milivolt 50 sai ta zama kashi 10 a allo.

Kashe na ciki, ka sa na waje mai ohm 220 na rabin wat. Yanzu wofi ya zama volt 1.67, cike 0.07. Tazarar ta ninka fiye da sau uku, kuma kowace irin hayaniyar wuta ta ragu daidai da haka ba tare da ka tace komai ba. Wutar da zai ja ba ta wuce miliamfiya 23 ba. Kada kwaɗayi ya sa ka sauka ƙasa da haka sosai, domin wannan volt 5 ɗin shi ne yake ciyar da sensar totur da ta iska, in ka durƙusar da shi injin ne zai ji a jikinsa. Ga fulot mai 240 zuwa 33, rizisto 330 ko 470 ya isa.

In gejin dashbod na asali yana nan a haɗe da fulot ɗin, labari ya sauya. Shi ne yake ciyar da layin, don haka ba ka sa kowane rizisto, na ciki ma ka kashe. Auna wayar da mita a wofi da cike, ka tabbatar ba ta wuce volt 5. Wasu tsofaffin geji wutar da suke bayarwa a yanke-yanke take, tana kamawa tana saki, wasu kuma tana bin ƙarfin batir, ta hau in injin ya tashi. Ni a ganina, in da hali, a bar fulot ɗaya ga maigida ɗaya: ko geji ko ƙwaƙwalwa.

Mataki na 5: tacewa da kafasito, ga wanda manhajarsa ba ta da isasshiya

Leƙa manhajarka. In tana ba ka damar tace layin na daƙiƙa 20 zuwa sama, ko tana da wurin rubuta lissafi, tsallake wannan matakin.

Shawarar da aka fi ji a gareji ita ce a ɗora babban kafasito, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta a hankali, a kan wayar fulot zuwa negatif. Ba ya aiki, ga dalili. Jinkirin da kafasito ke kawowa shi ne girmansa sau ohm ɗin da yake gani. A kan wayar fulot ohm wajen 70 kawai yake gani, don haka ko mai maikrofarad 1,000 ne, jinkirinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Mai kuwa lilonsa ɗaya yana ɗaukar wajen daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Yadda ake yi: rizistan ciyarwa na waje yana nan a mahaɗarsa da wayar fulot. Daga wannan mahaɗa ka sa wani rizisto mai ohm 10,000 a jere zuwa ƙafar ƙwaƙwalwa. A ƙafar ƙwaƙwalwar ka sa kafasito zuwa negatif ɗin sensa, ka lura da ƙafarsa mai alamar ragi. Da maikrofarad 1,000 jinkirin daƙiƙa 10 ne, da 2,200 kuma 22. Dole rizistan ciki ya zama a kashe, in ba haka ba karatun zai manne a sama. Haɗa su kusa da ƙwaƙwalwa a cikin mota, nesa da tanki da zafin injin.

Yana da aibi ɗaya da ya kamata ka sani. Duk lokacin da ka buɗe makulli kafasiton daga sifili yake farawa, kuma sai ya yi ninki uku na jinkirinsa kafin ya kai kashi 95 na gaskiya. A fulot irin na Toyota, sifili yana nufin cike. Ke nan rabin minti na farko allo zai nuna maka mai fiye da wanda kake da shi.

Mataki na 6: awo da jarka

Tanki ba akwati ba ne. Yana da kafaɗa da ƙugu da rami, hannun fulot kuma baka yake zanawa, ba miƙaƙƙen layi ba. In ka ba ƙwaƙwalwa lamba biyu kawai, wofi da cike, rabin allo ba zai zama rabin tanki ba, kuma a wuraren da tankin ya tsuke ƙaramin lilo zai zama babban tsalle.

Zuƙe tankin har famfo ya fara jan iska. Wannan ne sifilinka, ko da akwai sauran mai a ƙasa, tunda injin ba zai same shi ba. Mota a wuri mai daidai, tayoyi da iskarsu. Zuba lita 5, jira mai ya kwanta, minti ɗaya ko biyu in ka sa kafasito, rubuta volt. Ƙara 5, rubuta. Haka har ya cika. A lita goma na farko na fi son in riƙa zuba biyu-biyu, domin nan ne ake bukatar gaskiya. Za ka lura a can ƙasa da can sama akwai litocin da lambar ba ta motsi, fulot ya zauna a ƙasa ko ya tokare rufi. Rubuta su ka san da su. Shigar da jadawalin a lita, ya fi kashi cikin ɗari amfani, kuma yi awon injin yana aiki ko aƙalla famfo yana aiki, don ya dace da yanayin tuƙi.

Mataki na 7: tacewa a manhaja

Yanzu ne lokacinta. Tambayar farko, jinkiri nawa za ka iya ɗauka? Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, tana gudun 100, lita ɗaya take sha a minti shida. Tacewar daƙiƙa 30 ko 60 ba za ta ɓoye maka komai ba. Motar tsere daban ce: injekta shida masu cc 550 a buɗe kashi 80 suna zubar da fiye da lita biyu da rabi a minti ɗaya, don haka a can kada ka wuce daƙiƙa 10 zuwa 15.

Yi hattara da ma'anar lambar da ke akwatin tacewa. A MegaSquirt, 100 yana nufin babu tacewa, ragewa ne ke ƙara ta. A Speeduino akasin haka ne, babbar lamba ita ce tacewa mai yawa. Sannan irin wannan tacewar ta gama-gari an yi ta ne don sensa masu sauri kamar ta totur, ko ka kai ta ƙarshe ba lallai ta ba ka fiye da 'yan daƙiƙu ba. In manhajarka tana da aikin da aka keɓe wa gejin mai, zaɓe shi a kan na gama-gari.

In akwai wurin rubuta lissafi, kamar yadda Link G4X take da shi, ƙa'idar ita ce: sabon karatu shi ne tsohon karatu, a ƙara masa ɗan yanki na bambancin da ke tsakanin ɗanyen karatu da tsohon. Yankin kuma shi ne tazarar lokaci tsakanin lissafi biyu a raba da jinkirin da kake so. In ana lissafi sau 10 a daƙiƙa kana son daƙiƙa 30, yankin ɗaya ne cikin 300. Akwai tarko a nan. In tashar lissafin ba ta riƙe ɗigo, wato cikakkun lambobi kawai take ajiyewa, ɗaya cikin 300 na bambancin lita biyu sifili ne a wurinta, sai lamba ta maƙale ta ƙi motsi. Yi lissafin a mililita, ko ka ninka lambar da dubu, ka raba a ƙarshe.

Fara da daƙiƙa 20. Naɗi ɗanyen karatu da tataccen tare, ka bi hanyar da ka bi a mataki na 1. Abin da kake nema shi ne tataccen layi ya ratsa tsakiyar lilon, kada ya motsa fiye da lita ɗaya ko biyu a birki mai ƙarfi. In yana bin lilon, ƙara daƙiƙa goma ka sake. Kada ka goge tashar ɗanyen karatun bayan ka gama, ita za ta nuna maka ranar da fulot ya fara ci.

Mataki na 8: abin da tacewa ba ta iyawa

Hawan dutse na minti biyu ba lilo ba ne. Mai ya koma baya ya zauna, fulot kuma gaskiyar abin da ya gani yake faɗa. Maganinsa sharaɗi ne. In ƙwaƙwalwarka tana da sensar karkata da fizga, ce mata ta riƙe lambar da take da ita duk lokacin da fizgar ta yi yawa. In babu, yi amfani da makunnin birki da matsayin totur: ana kan birki ko totur ya wuce rabi, a daina sabuntawa. Wata dabarar ita ce ka hana lambar sauka fiye da abin da injin zai iya sha a minti, ka kuma hana ta hawa muddin mota na tafiya.

Sai ka buɗe mata ƙofa biyu. Ta farko, in an buɗe makulli, ta ɗauki matsakaicin daƙiƙa biyu ko uku na farko ta fara daga nan, maimakon ta taso daga sifili. Ta biyu, in mota ta tsaya cak na kamar daƙiƙa 15, ta koma tacewa mai sauri, don in ka sha mai a gidan mai ka ga litocin suna hawa a idonka. Fitilar gargaɗi kuma a tataccen karatu za ka ɗaura ta: ta kama a lita 8, kada ta mutu sai an haura 11, in ba haka ba za ta riƙa ƙyaftawa a kowace kwana.

In bayan duk wannan ɗanyen karatun yana bugawa daga ƙasa har sama a kowane birki, tankin ne ba shi da shingayen ciki, kamar yadda ake samu a tankunan da aka ƙera a wurin walda. Fulot mai kama da bututu, wanda mai ke shiga ta ƙananan huji, yana rage abin sosai. In tankin tsere ne mai soso a ciki, yanke soson ya ba hannun fulot fili.

Gwajin ƙarshe a gidan mai ake yinsa. Tuƙa har allo ya ce saura lita 15, ka rubuta, ka cika tanki, ka duba litocin da famfon gidan mai ya nuna. Haɗa su biyun, ya kamata su ba ka abin da ka zuba da jarka a mataki na 6, da bambancin da bai wuce lita biyu ba. Maimaita a lita 30, sannan a lita 8 da jarka cike a but. In wani wuri ya kauce, layin nan na jadawalin za ka gyara, tacewar ka bar ta yadda take.